Tarkon Haske da Ginin Kiristal: Tarihin Wata Sana'ar Kimiyya

Kiristal, a ma'anar da masana kimiyya suke nufi, shi ne duk abin da ƙwayoyinsa suka jeru a kan tsari guda mai maimaita kansa, ta yadda wanda ya san mazaunin kaɗan daga cikinsu zai iya faɗin inda sauran suke komai nisansu. Gishiri da sukari da ƙanƙara da dutsen daimon duk haka suke, sai dai ƙwayoyin zarra da suka gina su sun yi ƙanƙanta ƙwarai, motsinsu kuma ya yi sauri, har babu madubin ƙara girma mai aiki da hasken da ido ke gani da zai iya nuna yadda suke shiga sahu ɗaya bayan ɗaya. Wannan cikas ne ya sa wasu masana suka koma ga ƙwayoyin da suka fi na zarra girma sau dubbai, waɗanda ake iya gani da ƙirgawa, daga bisani kuma suka sami hanyar kama su da hasken lesa su ajiye kowace a inda suke so. Tarihin wannan aiki ya ta'allaƙa ne a kan tambaya guda da ta yi ta dawowa cikin shekaru fiye da 30, wato ko tsarin da haske ya tilasta wa ƙwayoyi zai iya tsayawa da ƙafafunsa bayan an kashe hasken.

Ƙwayoyin da ake magana a kansu su ne na koloyid, sunan da masanin sinadarai ɗan Sikotilan Thomas Graham ya shigar cikin kimiyya a shekarar 1861, wanda a yau yake nufin ƙananan ƙwayoyin wani abu da suka warwatsu cikin ruwa ba tare da sun narke ko sun kwanta nan take ba. Girmansu yana farawa daga kimanin nanomita ɗaya zuwa 'yan maikiromita, maikiromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, nanomita kuma kashi ɗaya cikin dubu na maikiromita. Madara koloyid ce, haka ruwan laka, haka ma tawadar allo da ake haɗawa da gawayi da ƙaro, inda ƙaron yake lulluɓe ƙwayoyin baƙin ya hana su dunƙulewa. Tun a 1827 masanin tsirrai Robert Brown ya lura cewa irin waɗannan ƙwayoyi ba sa zama wuri ɗaya, kullum cikin kai-komo suke ba tare da wata alƙibla ba, kuma sai a 1905 Albert Einstein ya bayyana cewa ƙwayoyin ruwan ne suke bugun su ta kowace fuska, bayanin da Jean Perrin ya tabbatar da gwaji a birnin Faris daga 1908, ya kuma sami lambar yabo ta Nobel a 1926. Muhimmancin wannan kai-komo shi ne yana sa ƙwayar koloyid ta bi dokokin zafi da daidaito irin waɗanda ƙwayar zarra take bi, amma cikin natsuwar da ido zai iya bi, domin ƙwallon da faɗinsa maikiromita ɗaya ne yana ɗaukar kimanin daƙiƙa ɗaya kafin ya yi tafiyar da ta kai faɗin jikinsa a cikin ruwa.

Ba a jira zuwan lesa ba kafin a san cewa koloyid yana iya zama kiristal da kansa. A 1957 Robley Williams da Kenneth Smith suka ba da rahoton wata ƙwayar cutar bairos ta ƙwari da take jeruwa har ta riƙa walƙiya da launuka, a 1964 kuma J. V. Sanders na ƙasar Ostireliya ya nuna cewa launukan dutsen ado na ofal sun samo asali ne daga ƙananan ƙwallayen silika, wato sinadarin yashi da gilashi, masu girma ɗaya da suka jeru sahu-sahu. Dalilin jeruwar iri biyu ne. Na farko shi ne cajin lantarki: ƙwallayen da suke ɗauke da caji iri ɗaya suna ture juna, idan kuma aka rage gishirin da ke cikin ruwan sai turewar ta kai nesa, kowane ƙwallo ya nemi wurin da ya fi nisa da maƙwabtansa, kamar yadda ƙa'idar da Derjaguin da Landau suka fitar a Rasha a 1941, Verwey da Overbeek kuma a Holan a 1948, ta tanada. Na biyu ya fi ban mamaki, domin a 1957 Berni Alder da Thomas Wainwright suka gano ta lissafin kwamfuta cewa ƙwallaye masu tauri, waɗanda babu ja ko turi a tsakaninsu sai dai ba sa ratsa juna, suna jeruwa idan cunkoso ya yi yawa, saboda a cikin sahu kowanne yana samun sararin motsi fiye da wanda yake samu a cikin hargitsi. Peter Pusey da William van Megen suka tabbatar da hakan a 1986 da ƙwallayen roba, inda jeruwa take farawa idan ƙwallayen sun mamaye kimanin kashi 49 cikin 100 na sararin, ta kuma cika a wajen kashi 54 zuwa 55. Amma irin wannan kiristal yana da rauni sau biliyoyi idan aka gwada shi da na ƙarfe, girgiza kwalba kawai tana rusa shi, sannan yana tsirowa inda ya ga dama, a kan tsarin da ya fi masa sauƙi, mai bincike ba shi da ta cewa.

A ɗaya ɓangaren, sanin cewa haske yana da ƙarfin ture abu tsohon zance ne. Johannes Kepler ya yi hasashe a 1619 cewa hasken rana ne yake karkatar da jelar tauraro mai wutsiya zuwa nesa da ranar, James Clerk Maxwell ya fitar da lissafin wannan matsi a 1873, sannan Pyotr Lebedev a Mosko da Ernest Nichols tare da Gordon Hull a Amurka suka auna shi a farkon ƙarni na 20. Abin da suka auna bai taka kara ya karya ba, domin turin da hasken rana tsaka yake yi wa murabba'in mita ɗaya na baƙin abu bai kai nauyin rabin miligiram ba, shi ya sa aka bar batun ga masana taurari na tsawon shekaru kusan 60. Lamarin ya sauya ne a 1960, lokacin da Theodore Maiman ya kunna lesa ta farko a jihar Kalifoniya, wato na'urar da take fitar da haske mai launi ɗaya, wanda igiyoyinsa suke tafiya tare, kuma ake iya tattara shi a ɗigon da bai wuce maikiromita ɗaya ba.

Arthur Ashkin, wanda aka haifa a unguwar Brooklyn ta birnin Niyu Yok a 1922 kuma yake aiki a ɗakunan binciken kamfanin Bell tun 1952, shi ne ya fara lissafa abin da irin wannan ɗigo zai yi wa ƙwaya ƙarama. A maƙalar da ya buga a mujallar Physical Review Letters a 1970 ya bayyana yadda ya haska koren hasken lesa a kan ƙwallayen roba cikin ruwa, ya ga sun bi hasken da gudu kamar yadda lissafi ya nuna, amma ya ga wani abin da bai nema ba: ƙwallayen da suke gefen hasken suna fizguwa zuwa tsakiyarsa, inda ya fi ƙarfi, alhali kumfar iska tana tserewa waje. Ƙarfi biyu ne suke aiki. Ɗaya turi ne zuwa gaba, wanda yake fitowa daga hasken da ƙwallon ya mayar ko ya watsa. Ɗayan kuma ja ne zuwa wurin da haske ya fi yawa, domin ƙwallon da yake lanƙwasa haske fiye da ruwan da ke kewaye da shi yana karkatar da hasken da ya ratsa shi, shi kuma hasken yana rama masa da turi zuwa ɗaya ɓangaren. Ma'aunin lanƙwasa haske na ruwa 1.33 ne, na robar folistirin kuwa 1.59, wannan 'yar tazara ce jarin sana'ar baki ɗaya. Da ya sa haskoki biyu suka fuskanci juna, sai turin gaba na kowanne ya kashe na ɗan'uwansa, ƙwallon ya tsaya cak a tsakiya, kuma wannan ne tarkon haske na farko.

Shekaru 16 aka yi kafin a kai ga siffar da ake amfani da ita a yau. A 1986 Ashkin da Joseph Dziedzic da John Bjorkholm da Steven Chu suka nuna cewa idan aka bi da haske ɗaya tak ta cikin gilashin madubin ƙara girma mai tsananin tattarawa, ja zuwa ɗigon yana rinjayar turin gaba, ƙwayar ta kamu ta kowace fuska, kuma sun kama ƙwayoyi daga masu faɗin nanomita 25 har zuwa maikiromita 10. Na'urar ta shahara da sunan hantsakin haske. Ƙarfin kamunta ana auna shi da fikoniyuton, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na niyuton, alhali niyuton ɗaya shi ne nauyin abin da ya kai kimanin giram 100, amma wannan ɗan ƙarfi ya isa ya rinjayi bugun da ruwa yake yi wa ƙwayar. A 1987 Ashkin ya kama ƙwayoyin bakteriya da na bairos, ya kuma gano cewa koren haske yana kashe masu rai, alhali hasken infared mai tsawon zango nanomita 1064, wanda ido ba ya gani, yana barin su har su hayayyafa a cikin tarkon. Daga nan akasarin masu amfani da hantsakin suka karkata ga ilimin halittu, suna auna ƙarfin zaren DNA da na sunadaran da suke jan kaya a cikin ƙwayar halitta.

Gwajin da ya fi kowanne bayyana dangantakar haske da kiristal ya riga hantsakin fitowa da shekara guda, kuma bai yi suna kamarsa ba, ko da yake ya cancanci hakan. A 1985 Aslam Chowdhury da Bruce Ackerson na jami'ar jihar Oklahoma, tare da Noel Clark, suka matse ƙwallayen folistirin masu caji tsakanin gilasai biyu har suka zama shimfiɗa ɗaya, a yawan da bai kai su jeru da kansu ba, sannan suka gitta haskoki biyu na lesa a kansu. Inda igiyoyin haskokin suka haɗu sai suka haifar da layuka masu haske da masu duhu a jere, kamar kunyoyi da kwaruruka a gona, ƙwallayen kuma suka gangara cikin layukan masu haske. Hasken bai ce komai ba game da inda kowane ƙwallo zai tsaya a tsawon layinsa, iyakacinsa ya hana shi tsallakawa gefe. Duk da haka, lokacin da aka daidaita tazarar layukan da tazarar da ƙwallayen suke so a tsakaninsu, sai shimfiɗar baki ɗaya ta daskare ta zama kiristal, kowane ƙwallo da maƙwabta shida, saboda ƙwallayen kowane layi suna ture na layin da ke kusa har kowanne ya zauna daidai giɓin da ke tsakanin biyu na maƙwabcin layi. Rabin tsarin daga haske ya zo, rabin kuma ƙwayoyin ne suka ƙarasa shi da kansu.

Hankali zai ɗauka cewa ƙara ƙarfin hasken zai ƙara wa kiristal ɗin ƙarfi, amma a 1995 Chakrabarti da Krishnamurthy da Sood da Sengupta, masana daga Indiya, suka fitar da lissafin da ya nuna akasin haka a wani yanayi, a 1998 kuma Clemens Bechinger da Paul Leiderer da abokan aikinsu a jami'ar Konstanz ta Jamus suka gan shi da ido. Da suka ci gaba da ƙara hasken bayan shimfiɗar ta daskare, sai ta sake narkewa. Bayanin da aka yi, wanda Erwin Frey da David Nelson da Leo Radzihovsky suka ƙarfafa da ƙa'ida a 1999, shi ne cewa 'yar kai-komon da kowane ƙwallo yake yi zuwa gefe ita ce take kusantar da shi ga ƙwallayen layin maƙwabta har su ji turin juna sosai, idan kuwa haske ya ƙuntata shi ya hana shi wannan motsi, sai alaƙar layi da layi ta yi rauni, kowane layi ya riƙa zamewa ba ruwansa da na kusa da shi. Wannan sakamako yana da nauyi a tarihin fannin, domin ya nuna cewa motsin da mai tarko yake ɗauka abokin gaba ne yana cikin abubuwan da suke riƙe da tsarin, kuma wanda ya murƙushe shi gaba ɗaya ya rasa abin da ya fito nema.

A tsakanin waɗannan shekaru Michael Burns da Jean-Marc Fournier da Jene Golovchenko, a cibiyar Rowland da jami'ar Harvard, suka ƙara gano wani abu. A 1989 suka nuna cewa ƙwallaye biyu da suke cikin haske mai ƙarfi suna watsa wa juna hasken, abin da yake sa su tsaya a wasu tazarori ƙayyadaddu waɗanda bambancinsu ya yi daidai da tsawon zangon hasken, ke nan haske da kansa ya zama igiyar da ta ɗaure su. A 1990 suka buga a mujallar Science yadda suka gitta haskoki uku ko fiye suka samar da gurabe jere a fili, ƙwallaye suka cika su, har da tsari mai kusurwa biyar. Sun ɗauki abin da suka gina a matsayin wani sabon nau'in abu wanda haske ne ginshiƙinsa, kuma sun yi gaskiya, sai dai gaskiyar tana ɗauke da rauninta, tun da abin da haske ya riƙe yana watsewa cikin 'yan daƙiƙoƙi da zarar an ɗauke hasken.

Gitta haskoki yana ba da tsari mai bin ƙa'ida guda kawai, mai bincike kuwa yana son ya zaɓi mazaunin kowace ƙwaya. A farkon shekarun 1990 ƙungiyar Hiroshi Masuhara a Japan da wasu a Turai suka riƙa zagaya haske ɗaya da sauri tsakanin wurare da yawa, yana komawa kan kowace ƙwaya kafin ta yi nisa. Babban sauyi ya zo a 1998 daga jami'ar Shikago, inda Eric Dufresne da David Grier suka sa wani faranti mai zanen hologiram a gaban hasken, wato zanen da yake jinkirta sassan igiyar haske daban-daban ta yadda za su sake haɗuwa a ɗigogi masu yawa, suka sami tarko 16 a sahu huɗu-huɗu daga lesa ɗaya. Masana a Stuttgart, sannan Jennifer Curtis da Brian Koss da Grier a 2002, suka maye gurbin farantin da allon da kwamfuta take sauya zanensa, dangin allon wayar hannu, ta yadda ake iya kunna ɗaruruwan tarkuna, a matsar da kowanne gaba ko baya, sama ko ƙasa, ana kallo ta madubi. Lissafin zanen ya dogara da hanyar da Gerchberg da Saxton suka ƙirƙira tun 1972 domin wani aikin dabam na madubin lantarki.

Akwai dalilin da ya sa aka zuba kuɗi da lokaci a wannan gini. A 1987 Eli Yablonovitch da Sajeev John, kowanne a nasa ɓangaren, suka nuna cewa abin da aka tsara sassansa a tazarar da ta yi daidai da zangon haske zai iya hana wasu launuka ratsa shi ta kowace fuska, kamar yadda silikon yake sarrafa lantarki a cikin kwamfuta, a 1990 kuma Ho da Chan da Soukoulis a jihar Iowa suka lissafa cewa tsarin da ƙwayoyin dutsen daimon suke bi yana cikin mafi dacewa da wannan aiki. Matsalar ita ce ƙwallayen koloyid ba sa zaɓar tsarin daimon da kansu, domin kowane ƙwallo a cikinsa maƙwabta huɗu kawai yake da su, sararin da babu kowa ya yi yawa, su kuwa ƙwallaye cunkoso mai maƙwabta 12 suka fi so. Hantsakin haske ya zo kamar shi ne mafita. A 2004 ƙungiyar Miles Padgett a jami'ar Gilasgo ta jera ƙwallayen silika a sarari mai tsawo da faɗi da zurfi, a kusurwoyin akwati da kuma a ɗan yankin tsarin daimon, ta kuma juya ginin ana kallo. A 2005 Yael Roichman da Grier, wanda ya riga ya koma jami'ar Niyu Yok, suka gina kwasikiristal, wato tsari mai ƙa'ida amma marar maimaituwa irin wanda Dan Shechtman ya gano a gaurayen ƙarfe a 1982, a 2008 kuma ƙungiyar Bechinger a Stuttgart ta yi amfani da haskoki biyar ta nuna yadda shimfiɗar ƙwallaye take sasantawa tsakanin tsarin da take so da wanda haske ya shimfiɗa mata, har ta fito da sahun murabba'ai da na masu kusurwa uku a gauraye.

A nan ne gizo yake saƙar, domin babu ɗaya daga cikin waɗannan gine-gine da yake tsayawa da kansa, saboda haka aka nemi dabarun ɗaure su kafin a kashe lesa. Roichman da Grier sun zuba sinadarin akirilamaid a cikin ruwan tun farko, bayan an gama jeri sai a haska shi da wani hasken dabam ya daskare ya zama jel, ƙwallayen su maƙale a inda suke. Ƙungiyar Alfons van Blaaderen a Holan ta nuna a 2002 cewa ana iya ɗauko ƙwallo da hantsaki a manna shi a kan gilashin da aka ba caji kishiyar nasa, ɗaya bayan ɗaya, har zane ya fito. Wasu kuma suka lulluɓe ƙwallayen da gajerun zaruruwan DNA waɗanda suke kama na ɗan'uwansu idan an sanyaya ruwan, su saki idan an ɗumama, kuma a 2005 ƙungiyar John Crocker a jami'ar Pennsylvania ta auna ƙarfin wannan kamu da hantsakin haske, ta kuma sami ƙananan kiristal da shi. Kowace dabara tana da farashinta: jel yana iya motsa ƙwallayen yayin daskarewa, yana kuma cike sararin da ake so iska ta kasance domin bambancin lanƙwasa haske ya yi yawa, mannawa kuwa ba ta yafe kuskure, ƙwallon da ya sauka a karkace ya zauna ke nan.

Ko da an warware batun ɗaurewa, lissafi mai sauƙi yana nuna iyakar hanyar. Ɗan ƙullin kiristal mai tsawo da faɗi da zurfin milimita ɗaya, wanda aka cunkusa da ƙwallaye masu faɗin maikiromita ɗaya, yana ɗauke da ƙwallo kimanin biliyan 1.4, ke nan ko da za a iya jera 1,000 a kowace daƙiƙa ba dare ba rana, sai an haura mako biyu kafin a gama abin da bai kai ƙwayar gero ba. Daɗin daɗawa, kowane sabon tarko yana cin rabonsa daga ƙarfin lesa guda, ƙara ƙarfin kuma yana ɗumama ruwan da allon, sannan ƙwallon da ke gaba yana karkatar da hasken da ya kamata ya isa ga na bayansa, shi ya sa ginin yake ƙara wuya duk lokacin da aka ƙara masa hawa. Waɗanda suka yi fatan hantsakin zai zama masana'anta ba su yi wauta ba, amma sun raina waɗannan cikas.

Ribar da aka samu ta fito ne ta ƙofar aunawa da bincike, kuma ba ƙarama ba ce. A 1994 Crocker da Grier suka kama ƙwallaye biyu, suka riƙa sakin su suna sake kamawa sau dubbai suna ɗaukar hotonsu, daga yadda suke nesanta da juna suka auna turin da ke tsakaninsu kai tsaye, suka kuma samu ya dace da ƙa'idar 1941 da 1948. Bayan haka aka shiga muhawara mai zafi, domin wasu gwaje-gwaje, ciki har da na Amy Larsen da Grier a 1997, sun nuna kamar ƙwallaye masu caji iri ɗaya suna jan juna idan suna kusa da bangon gilashi, abin da ya saɓa wa ƙa'idar. A 2000 Todd Squires da Michael Brenner suka nuna cewa a ɗaya daga cikin gwaje-gwajen, motsin ruwa ne yake haɗa ƙwallayen yayin da bango yake ture su, a 2005 kuma aka nuna cewa hoton ƙwallaye biyu da suke dab da juna yana iya ruɗar na'urar auna tazara. Abin yabo ne cewa masu fannin sun bi wannan saɓani da sababbin gwaje-gwaje har ya lafa, kuma ingancin aune-aunen da ake yi a yau ya amfana da shi.

Haka nan hantsakin ya ba da damar yi wa kiristal rauni da gangan domin a ga yadda yake warkewa. A 2001 Alexandros Pertsinidis da Xinsheng Ling na jami'ar Brown suka zare ƙwallo ɗaya ko biyu daga shimfiɗar da ta riga ta jeru, suka bi giɓin yana yawo daga gurbi zuwa gurbi, suka ga cewa giɓi mai ƙwallo biyu yakan rikiɗa ya zama kaucewar layi guda biyu, abin da yake ƙara masa saurin tafiya. Irin waɗannan lahani su ne suke sa ƙarfe ya lanƙwasu ko ya karye, amma a ƙarfe ba a ganin tafiyarsu ƙwaya bayan ƙwaya da wannan sauƙi. A Utrecht kuma, a 2011, van Blaaderen da Marjolein Dijkstra da abokan aikinsu suka riƙe 'yan ƙwallaye da hantsaki a cikin cunkoson da ya kusa daskarewa domin su zama iri, sauran ƙwallayen suka taru a kansu suka ci gaba da ginin da kansu, aka kuma ga yadda tazarar irin take shafar abin da zai tsiro. Wannan hanya ta fi sauran dacewa da ɗabi'ar koloyid, domin aikin haske a cikinta ya tsaya ga fara sahu, ɗorewar kuwa tana fitowa daga alaƙar ƙwayoyin da junansu, kamar yadda gwajin 1985 ya riga ya nuna.

Dabarar jera ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya ta sami gida a wani fagen da babu ruwa a cikinsa. Steven Chu, wanda ya sami Nobel a 1997 tare da Claude Cohen-Tannoudji da William Phillips saboda sanyaya ƙwayoyin zarra da kama su da lesa, ya fara aikin ne a ɗakunan Bell inda Ashkin yake, a 2016 kuma wata ƙungiya a Harvard da MIT da wata a ƙarƙashin Antoine Browaeys a Faransa suka jera ƙwayoyin zarra kimanin 50 da hantsakin haske ba tare da giɓi ba. A can ba a buƙatar kashe hasken, ƙwayoyi ɗari ko dubu kuma sun isa aiki, shi ya sa wannan jeri ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da ake bi wajen ƙera kwamfutar kwantam.

A 2018 aka ba Ashkin rabin lambar Nobel ta fiziks yana da shekara 96, Gérard Mourou da Donna Strickland suka raba ɗaya rabin, kuma dalilin da kwamitin ya ambata shi ne hantsakin haske da amfaninsa a ilimin halittu. Ya rasu a watan Satumba na 2020. A cikin wannan watan ne mujallar Nature ta buga aikin Mingxin He da Stefano Sacanna da David Pine da abokan aikinsu na jami'ar Niyu Yok, waɗanda suka samar da kiristal na koloyid mai tsarin daimon bayan shekaru 30 ana nemansa. Sun ƙera kowace ƙwaya daga ƙwallaye huɗu da suka rungumi ɗigo ɗaya a tsakiya, suka shafa DNA a sassan ɗigon da suka leƙo waje, sannan suka bar ƙwayoyin a cikin ruwa suka kama juna da kansu, ba tare da an riƙe ko ɗaya daga cikinsu da tarkon haske ba.